Wanda aka kai lakwal da wanda aka kai kiwo

Babanmu mutum ne mai son ware abu, gero nan, dawa can. Haka ya ware ƙannena biyu maza. Babban, wai ɗan ƙiriniya ne, ba ya zama. Ƙaramin kuwa natsattse, inda ka ajiye shi nan za ka same shi.

Ni na goya su duka, ni kuma nake aikensu, na san ciwonsu ɗaya ne. Ka aiki babban sayen gishiri, sai ya bi ƙadangare ya manta. Ka aiki ƙaramin, sai ka tarar da shi bakin zaure yana kallon tururuwa. Miyarmu dai lami, ko wa aka aika.

Shekarar da mai gari ya ce gidanmu ya ba da yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko, Baba bai ko yi shawara ba. Ya dafa kan ƙaramin ya ce, “Wanga natsattse na, shi ka zuwa.” Babban aka miƙa masa sanda da awaki. Na ce wa Baba shirun ƙaramin nan ba natsuwa ba ne, yaron ba ya tare da mu. Aka ce in je in yi daka.

Mushe, malaminsu, masu surutu yake bi da bulala. Ƙanena ba ya surutu, sai aka bar shi a bencin baya har ma ana yabon ladabinsa. Shekara ta bi shekara, ranar da aka kore shi ko sunansa bai iya rubutawa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Da ya yi ƙiriniya, da wani ya lura.

Na zaci Baba zai gane. Ina! Sai ya karɓe awakin daga babban, wanda kullum sai ya ɓatar da ɗaya, ya ba natsattsensa. Kafin kasuwar Keita ta zagayo, awakin suka shiga gonar maƙwabci suka yi wa dawa aski, makiyayin na zaune a kan dutse, ido buɗe.

Ya sha duka, bai yi kuka ba. Ina shafa masa mai a baya ya ce, “Yaya, wallahi ina kallonsu. Ban dai gane su ba.”

Daga zaure ina jin Baba yana ba maƙwabcin haƙuri, wai abin mamaki, yaron nan ai natsattse ne.