Gashin Gizaka Bakwai a Idona na Hagu

Wata biyar ke nan ban ce komai a wannan shafin ba. Masu tambayata ko na ci konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gona, ban ma zauna ba. Ga dalili.

Da na karɓi lisans, digirina na aikin gona, na koma gida Ɗan Kassari in taya Baba ɗibar wake. Wata Talata da hantsi ina ɗora damin harawa a amalanke, gizaka ta faɗo mini a fuska, tsutsar nan mai gashi. Na kaɗe ta, na murza idon hagu da bayan hannu. Sau biyu, ina tune.

Kafin azahar ido ya yi jajur, kamar an zuba barkono. Inna ta hura mini, babu abin da ya fita. Sai ta ɗauko tandun kwallinta.

"Tsaya, ɗan lakkol, ba komi ke cikin boko ba. Kwalli shi ka fidda dattin ido tun kakanninka."

Ta ja mini tsinken kwalli sama da ƙasa. Ban hana ta ba.

A dispansar aka ce apolo ne, ciwon jan idon nan, don ana yinsa a gari. Na ambaci gizakar, majo, malamin jinya, ya yi dariya: "Kai da ka karanta ƙwari, komi ƙwaro na gare ka." Na ji kunya, na bar zancen gizakar na karɓi magani. Kwana tara ina ɗiga maganin apolo, har hasken rana ya gagare ni kallo.

Aka kai ni asibitin Dogon Dutsi, daga nan aka tura ni Yamai. Likitar ido ta ɗora haɓata kan na'ura mai fitila, ta daɗe tana dubawa. Ta ce gashin gizaka yana da dafi da 'yan ƙayoyi, duk murzawa tura shi ciki take yi.

"An sa wani abu a idon?"

"Kwalli."

"Ba zan ce shi kaɗai ba ne," in ji ta. "Amma tsinken ya ƙara nutsar da su."

Ta zare gashi biyar ranar. Bayan sati uku zafin ya dawo, aka zare biyu. Ranar konkur ina kwance da bandeji, ina tsoron kada ɗayan idon ma ya kama. Bai kama ba.

Yanzu zafi ya tafi, alhamdulillahi. Amma tabo ya zauna. Idan na rufe idon dama, ba na iya karanta wannan rubutun.

Na gode wa likitar, da Baba, da duk wanda ya yi mini addu'a.

In gizaka ta taɓa muku ido, kada ku murza. Ku kwarara ruwa mai tsabta, kada a sa komai, ku tafi likita ranar. Ku faɗi sunan abin, ko an yi muku dariya ku sake faɗa.

Roƙona ɗaya ga 'yan garinmu. Inna tana gaya wa maƙwabta cewa kwallinta ne ya hana idon mutuwa duka. Don Allah ku bar ta a haka.