Cukun da na ɗaure a leda

Shekarun baya, lokacin da albashinmu na malaman lakwal, wato makarantar boko, ke yin wata da watanni bai fito ba, na faɗa kasuwanci, ni da ban taɓa sayar da ko allura ba. Abin da ya tunzura ni, wata safiya ina zaune na ji matata tana roƙon gishiri ta kan katangar maƙwabta. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Jari babu. Mahaifiyata ta sa aka kai ragon da take kiwo don layya kasuwar Lahadi, ta damƙa mini kuɗin. Ta ce, "In Allah ya sa albarka, ka sawo min wani kahin salla." Saura wata biyu.

Na zaɓi cuku, tunda duk matafiyin da ya bi ta Tawa sai ya yi tsarabarsa. To amma ni mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin boko, ina zan zube kaya a faifai kamar kowa? Na sayo leda fara, na riƙa jera goma-goma ina liƙe bakin da wutar kyandir, har da 'yar takarda da na rubuta da Faransanci. A tasha kuwa na fi kowa baki. Mota ba ta gama tsayawa ba na riga na cusa kai ta taga ina wa fasinja darasin tsabta. Sati na farko kaya suka ƙare tas, kaina ya kumbura.

Sai na kwashi uwa da riba na tafi Takanamat, na saye cukun Buzaye, har wanda bai gama bushewa ba. Wata tsohuwa cikinsu ta ce, "Ka shanya shi ya sha iska." Na ce to. Mahaifiyata ma da ta tarar ina liƙe-liƙe ta ce, "Kai, wanga abu ba ya son rufi." Na ce, "Inna, zamani ya sake." Wallahi duk sanda na tuna wannan magana sai in ji kamar in mari kaina.

Bazara ce. Na jibge ledojin a ɗaki mai kwano, na tafi aji, don a satin an janye yajin aikin da muke yi kan albashi. Ranar da na buɗe ƙofar, wari ne ya fara gaishe ni. Leda ta yi gumi, cuku ya yi kore shar. Na kankare, na shanya, na karya farashi, a banza. Wani direba ya sunsuna ya ce, "Mushe, wannan kuma na wace ƙasa ne?" Matan faifai suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Har yau abin da ke ba ni haushi, ba yunwa ce ta kashe jarin ba. Yunwa ta fitar da ni kasuwa dai, amma da na isa, so nake a ce nawa daban ne, kuma wannan son na bi.

Ranar salla ta zo, ban sawo wa mahaifiyata rago ba. Ita da kowace shekara take rabon nama gida-gida, ta zauna a tabarma ana shigo mata da shi a kwano, tana cewa an gode. Ina tsaye a zaure ina jin ta, na kasa shiga.