Ƙunshin da Ban Buɗe Ba

Na manta abubuwa da yawa a zamana na Amurka, har lambar gidan da na fara haya, amma yammacin da muka tashi tafiya gida hutun bazara ba zai taɓa fita daga raina ba. Ko yanzu in na ji an ja salatef, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Gaithersburg, matata kuma nas ce. Shekara bakwai rabona da Zariya. Muna da 'ya guda mai shekara shida, takwarar mahaifiyata, kuma Inna ba ta taɓa ganin ta ba sai a hoto. Tun cikin hunturu ƙanena yake ce mini jikin Inna sai a hankali. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da "sai a hankali" yake nufi. Don haka ana rufe makarantu muka sayi tikiti uku, irin wanda in ka rasa jirginsa ka rasa ke nan.

Da yake malami ba ya rabuwa da alli ko a mafarki, sai na ɗauki takarda na raba kayan tafiyar gida uku kamar yadda aka koya mana a makarantar zaure: farilla, sunna da mustahabbi. A farilla na sa fasfo, katin rigakafin shawara, maganin zazzaɓin cizon sauro, na'urar awon jini ta Inna da gidan sauron yarinya. Sunna ita ce tsaraba. Mustahabbi kuwa littattafaina ne guda biyar, waɗanda na san ba zan karanta ko ɗaya ba. Na kawo sikelin banɗaki falo, in hau da akwati, in sauka, in hau ni kaɗai, in debe. Kowane akwati kilo ashirin da uku cif. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, da haka kake auna gishiri in ka shiga kicin, da mun huta."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne jama'a. Bahaushe a ƙasar waje ba ya tafiya gida shi kaɗai, da saƙon gari yake tafiya. Wannan ya kawo takalmi, waccan ta kawo turare, kowa kuma da kalma ɗaya a bakinsa: "Ɗan ƙarami ne, ba nauyi." Littattafaina suka fara fita, sai rabin rigunana suka bi su.

Ana jibi za mu tashi, sai ga wani dattijo daga Beltsville, wanda duk muke kira Baba. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara sauka a ƙasar nan, a falonsa na kwana wata biyu, shi ya koya mini hawa jirgin ƙasan birni ba tare da na ɓata ba. Ya shigo da wani ƙunshi kamar girman bulo, an naɗe shi da leda, an bi da salatef ruwan ƙasa har ba a ganin ledar.

Ya ce, "Ɗana, wannan na yayana ne a Giwa. Hannu da hannu. Amana ce."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "In sha Allahu, Baba."

Da ya fita matata ta ce, "Mene ne a ciki?"

"Ban tambaya ba."

"To a buɗe mana."

Na ce, "Haba! In buɗe saƙon Baba? In ya ji fa? Ya ce na ɗauke shi mai fataucin miyagun kaya?"

Ta ci gaba da ninke kaya kamar matan da suka san lokaci zai gama musu gardamar. Na cusa ƙunshin a tsakiyar akwati na ja zif.

Sai a tuna cewa shekarun nan ne da aka kai hare-hare da jiragen sama, ƙasar duk a tsorace take. Mai suna irin nawa, da ɗan gemu irin nawa, ya san a filin jirgi ko tari zai yi sai ya yi shi cikin ladabi.

Mun isa da wuri. Matar da ke karɓar kaya ta yi mini tambayar da ake yi wa kowa: ni na haɗa kayana da kaina? Wani ya ba ni wani abu in tafi da shi? Ni da nake hukunta yara a kan satar amsa, na dubi idonta na ce a'a, ba wanda ya ba ni komai. A raina na yi wa kaina fatawa cewa "wani" baƙo ake nufi, Baba kuwa ba baƙo ba ne. Na ji idon matata a ƙeyata.

Aka ɗora akwatin ƙarshe, sikelinsu ya ce ya wuce da kusan kilo biyu. Ashe sikelin banɗakina ya daɗe yana yi mini kara. Layi ya yi tsawo a bayanmu, na durƙusa na buɗe akwatin, hannuna ya faɗa kan abin da ya fi sauƙin cirewa. Na zaro ƙunshin Baba na jefa a jakar goyona. Nauyi ya daidaita, har na ji daɗin wayona.

A wurin binciken fasinja matata da yarinya suka wuce lafiya. Jakata ta shiga na'ura, sai bel ɗin ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tsayawa. Mai kallon allon ya kira wani, wanin ya kira wani babba mai furfura. Babban ya sa safar hannu, ya ciro ƙunshin ya ajiye a kan tebur a hankali, kamar ƙwai.

"Naka ne wannan?"

"E... a jakata yake."

"Mene ne a ciki?"

Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa "ban sani ba" amsa ce mai daraja. Ranar na gane akwai wurin da ba ta da daraja ko ta sisi. Ya juyo mini allon ya nuna: ga batir guda huɗu, ga wayoyin lantarki a murɗe, ga wani abu mai kama da agogo.

Ina laluben Turancin da zan fara da shi, sai ƙunshin ya buɗe baki. Da ƙarfi, da murya mai zaƙi, daga cikin salatef: "Allahu akbar, Allahu akbar!"

Ban taɓa ganin wuri ya watse da sauri haka ba. Wata mata ta sunkuci ɗanta ta bar takalmanta. Aka daka mini tsawa in ɗaga hannu, in ja baya. Ladanin kuwa bai san ana yi ba, ya ci gaba abinsa, ya kai shahada, ya shiga kiran mutane zuwa ga tsira, alhali kowa na can yana neman tsirar ta wata ƙofa. Na dubi agogon bango: biyar da 'yan mintoci. La'asar ta yi. Nan take na gane mene ne a ciki, amma ganewar da ta zo bayan an ɗaga hannu ba ta da amfani sosai.

Za a wuce da ni wani ɗaki, na ce wa matata da Hausa, "Ki ɗauki yarinyar nan ku tafi. Ki kai wa Inna takwararta."

Ta ce, "In je in ce mata me? Ɗanki na can ya tsaya kunyar Baba?" Ta riƙe hannun yarinyar ta zauna a kujerar bakin ƙofa.

Jirginmu shida da rabi. A ɗakin, mai furfurar ya zauna ya buɗe fasfona. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da ni. Ya ce an tambaye ni ko wani ya ba ni kaya, me na ce? Na ce na ce a'a. Ya ce to yanzu me zan ce? Na faɗi gaskiya tun daga falon Beltsville. Ya ce, "Ka ɗauko abin da ba ka san mene ne ba za ka hau jirgi da shi, da 'yarka a ciki, don kada ran wani ya ɓaci?" Da aka faɗe ta haka da Turanci, sai na ji al'adar tamu ta tsaya tsirara a gabana, na rasa zanen da zan rufa mata.

Ya ce in kira mai kayan, in buɗe muryar wayar kowa ya ji, kuma da Turanci. Shida saura kwata. Baba ya ɗauka.

"Salamu alaikum, ɗana! Kun isa filin lafiya? Ya iyalin? Ya 'yar tawa? Ya zafin nan?"

"Baba, don Allah da Turanci, akwai jami'ai a nan, mene ne a..."

"Madalla. Ka gaishe su. Ya gajiyar shiri?"

Sai da na yi abin da ban taɓa yi ba, na katse dattijo. Ya juya harshe ya yi bayani tiryan-tiryan. Agogon kiran salla ne. Yayansa ya makance, yana zaune shi kaɗai a gona nesa da masallaci, kullum sai ya yi ta tambayar masu wucewa ko lokaci ya yi. Shi Baba da kansa ya saka wa agogon batir ya gwada, ya manta bai cire ba. Sai ya koma Hausa ya ce, "Ai da ka tambaye ni, ɗana. Ni na ma yi mamaki da ba ka tambaya ba."

Wannan maganar ta fi tsawar jami'an yi mini zafi.

Suka gama gwaje-gwajensu, suka yanka salatef ɗin. Ga shi nan, ɗan masallacin roba mai koriyar ƙubba, an naɗe shi da safa ƙafa uku. Mai furfurar ya cire batiran, ya yi rubutu mai tsawo, ya gargaɗe ni a kan amsar ƙarya da kalmomin da har yau zan iya kawo su kamar hadda. Ya miƙo mini fasfona shida da minti goma sha biyu.

Mun yi gudu, yarinya a kafaɗata, masallaci a hammatata, igiyar takalmina a kwance. Mu ne na ƙarshe, ana shirin ja ƙofa. Sai da jirgi ya ɗaga matata ta yi magana. Ta ce, "Malam, buɗe ƙunshi a wane gida yake, farilla ko mustahabbi?"

Mun sami Inna a zaune a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Ta ɗora takwararta a cinya tana shafa kanta, yarinya na zuba Turanci, ita tana amsawa da "to, to" kamar tana ji. Sati biyar suka yi tare. Inna ba ta kai bazara ta gaba ba. Duk lokacin da na tuna cewa minti goma sha takwas ne tsakanina da hana su wannan haɗuwar, sai in yi istigfari.

Agogon ma na kai shi Giwa hannu da hannu, na zauna na saita shi da lokacin garin, don kada ya tashi tsoho sallar asuba da hantsi.

Har gobe ina karɓar saƙo, don wanda ya kwana a falon mutane ba ya cewa akwatinsa ya cika. Amma na ƙara layi ɗaya a saman farillai, sama da fasfo: kowane ƙunshi a gaban mai shi ake buɗe shi. Na gane cewa abin da na kira kunya ran nan tsoro ne kawai ya sa babbar riga, kuma amanar da ba ka san cikinta ba, ba riƙe ta kake yi ba, ita ke riƙe da kai. Baba da kansa, da ya sake kawo saƙo bayan shekara biyu, da almakashinsa ya zo.