Wankan Jego a Hawa na Biyar

Da na haihu a unguwar Faisal da ke Alƙahira, kullum sai Inna ta kira daga Kano ta ji ko na yi wankan jego. Wai in na tsallake rana ɗaya, sanyi zai bi ni har tsufa. To ina zan samo ganyen darbejiya a Alƙahira? Maigida yana jami'a, ni kaɗai nake tafasa ruwa, ina fyaɗawa da tawul. Kwana tara, sai ga maƙwabciyarmu ta ƙasa, wai ruwa yana ɗiga mata. Na koma yi a cikin roba. Inna ta ce, "Wannan ai wankan jarirai ne." A haka na cika arba'in, har yau da gwiwata ta ɗan yi ciwo sai gabana ya faɗi, in ce sanyin da Inna ta faɗa ne.