Tulun Irin da Inna Ta Hana Mu Ci

Shekara tara ke nan da muka kai Inna makwancinta a Kaoje, kuma sai bana na gane ɓarnar da na yi mata.

Bayan rasuwar babanmu, ita kaɗai ta riƙe fadamarsa. Jar shinkafa take shukawa, irin da ta gada wajen kakarmu, wadda in ruwan kogi ya hau ita ma sai ta bi shi. Kowace kaka takan zaɓi zangarniya mai nauyi, ta sussuke, ta cuɗa da toka, ta liƙe a tulu. Shekarar da ambaliya ta cinye mana rumbu, da tulun nan a ka ta fito, ruwa har ƙirji, ta bar akwatin kayan aurenta. Wata biyu muna kan kwaɗon rama. Na roƙe ta ta dafa mana ko tiya ɗaya, ta ce, "Wanga ba namu na ba, na baɗi na." Kwana uku ina fushi da ita, ban lura ba ko ramar ba ta ci sai mun rage.

Wata ranar kasuwar Lolo ta ga buhun shinkafar waje da aka shigo da shi ta Benin, da hoton wata mata mai malafa duƙe cikin ruwa. Na karanta mata cewa daga ƙasar Biyetnam yake. Ina jiran ta tsine wa abin da ke karya mana kasuwa, sai ta shafa hoton ta ce, "Wagga ma bayanta na ciwo. Allah shi ba ta lada."

Da ta rasu, na kai tulun gidana na adana, wai ajiya maganin wata rana. Aikin koyarwa ya ɗauke ni, ƙanwata Hadiza ta karɓi gonar, ta koma sabon iri kamar kowa. Bana ruwa ya shanye mata shi kaf, ga 'ya'ya biyar. Ta zo ta ce, "Yaya, ba ni irin Inna." Na fasa liƙin ina alfahari. Ta jiƙa kaɗan, muka jira kwana goma, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Mun bi gida-gida har Zagga, babu mai sauransa.

Me Inna za ta ce? Na san ba za ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da yunwarta ta raya irin nan, ni da ƙoshina na kashe shi. Da na sani ƙeya ce.

Hadiza ce ta ce a dafa wa yara sauran. Da aka sauke, ta raba musu, ta koma gefe tana jiran su rage. Wannan halin ne abin da ya saura mana na Inna, Allah Ya jiƙanta. Ni kuwa na kasa kai loma.