Barkonon da Kakata Ta Riƙe Wa Maƙwabciyarta

Shekarar da kogin Kumadugu ya cika ya haye gaɓa, ya kwanta a kan gonakinmu har sai da aka shiga su da kwalekwale, lokacin ban daɗe da fara haɗa baƙi a allo ba. Da wannan ambaliya nake lissafin shekaruna. Jiya wata mata a maƙwabtanmu nan Diffa ta jefa busasshen barkono a mai, ƙaurin ya tsallako katanga ya sa ni atishawa, shekarar ambaliyar ta dawo mini ɗanya.

Kakana mutumin Damagaram ne, fatauci ya kawo shi wani ƙauye kusa da Shetimari, ya zauna har Allah Ya karɓi abinsa. Maza tattasai suke nomawa, mai faɗin nan marar zafi da ake shanyawa a kan rairayi har tudu ya koma ja. Shi ne na kasuwa. Kakata kuwa nata daban ne: ɗan ƙaramin barkono siriri, a gefen gona, wanda ba ya zuwa kasuwa. Takan tsince shi in ya nuna sarai, ta shanya a kan zana, ta zura a zare ta rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Ba ta yarda a ƙona shi a mai ba, ta ce ɗaci yake yi. Takan cire hancinsa, ta juya wa iska baya, ta daka da gishiri da citta da ƙuli-ƙuli. Guda biyu sun ishi tukunyar miyar kuka da bandar kifi, a zuba a kan burabusko, ka ci gumi na tsatso maka. In mura ta kama ɗayanmu, romon kifi ne da barkono, hanci ya buɗe kafin ka ajiye kwano. Wanda zazzaɓi ya kashe wa baki, da shi take tayar masa da marmarin abinci. Maijego tana da yajinta daban. A buhun wake ma takan cusa ƴan ƙwayoyi saboda ƙwari. Amma ta hana kawuna ko ɗanɗanawa, don yana da gyambon ciki, ta ce abin da ke gyara wani shi ke ɓata wani. Da na girma wani ma'aikacin likita ya gaya mini cewa jan barkono na da irin bitamin ɗin lemun tsami, ko da yake shanya na rage shi. Kakata ba ta taɓa jin wannan suna ba.

Ambaliyar ta zo kafin barkono ya nuna. Nata ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa, ko na iri bai tsira ba. Sai ta ja hannuna muka je gidan maƙwabciyarta, wata Babarbariya mai gona a kan tudu. Matar ta cika ludayi da busasshen barkono ta ajiye a ƙasa, domin a wajensu ba a miƙa barkono hannu da hannu, wai yana haddasa faɗa. Malaminmu ya ce camfi ne, kakata ta ce ita dai ba za ta gwada a kan maƙwabciyarta ba.

“Ɗauki, Afuno,” in ji matar, haka take kiran kakata, wato Bahaushiya. “Kada ki zuba shi duka a miya, na san bakinku.”

Da lokacin kaka ya zagayo, kakata ta cika ludayi ta mayar. Matar ta ƙi karɓa.

“Wa ya ce miki na rasa? Ba a biyan iri sai ranar da mai shi ya rasa nasa. Madafarki rumbuna ce. Ko so kike ki rabu da ni?”

Haka al'adar take a bakin kogin nan, inda bana ruwa zai ci na wannan, baɗi ya ci na wancan. Tun daga ranar, kowace shekara kakata na zura zare ɗaya daban ta rataye can ƙurya, ta sauke na bara. Ko miya ta rasa yaji ba a taɓa shi. Na yi aure, na haihu, zaren nan na nan yana sabuntawa.

Sai shekarar da masu bindiga suka fara tsallako kogi, hukuma ta hana fataucin tattasai, aka ce kowa ya bar gaɓa. Da hantsi muka fita, wuta na ci a wasu murahu. Kowa ya ɗauki abin da ya ga dama, kakata ta ɗauki carbinta da zaren barkonon. Mu muka yi Diffa wurin dangi. Maƙwabciyar ba mu san inda ta nufa ba.

Zaman birni bai karɓi kakata ba. Barkonon kasuwa ta ce zafi kawai gare shi, ba ƙamshi. Da ciwonta ya yi nauyi ta kira ni.

“Yanzu ta rasa nata,” ta ce. “Ka nemo ta. Kada a binne ni da kayan mutane a wuyana.”

Aka binne ta ban samo matar ba. Na san abin da aka karantar da mu game da mamaci da bashi, don haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na tambaya a kasuwa, na tambayi direbobin Maine-Soroa. Iri kuma ba ya jiran mutum, yana mutuwa a cikin ɓawonsa, ga ƙwari sun fara huda zaren. Na yanke bakin tsofaffin jarkoki, na cika su da ƙasa da taki, na shuka a tsakar gida. Kaɗan suka fito. Zafin bazara ya ƙone wasu, akuyar masu gida ta gama da wasu. Abin da na tsinta ya bushe da ƙyar ya cika ludayi, ban rage ko ƙwaya ba.

A lokacin ne wani mai sayar da itace ya kwatanta mini inda take, cikin bukkokin tamfol da ƴan gudun hijira suka kafa a bakin titin kwalta. Na same ta zaune, idanunta sun yi fari. Na yi sallama, na faɗi ko ni jikan wace ce, na ajiye ludayin a ƙasa. Ta lalubo guda ta murza ta shinshina.

“Nawa ne,” ta ce. “Afuno ba ta cinye ba ashe. Allah Ya haskaka kabarinta. Na karɓa, na yafe, ba ta da komai nawa.”

Na ce in Allah Ya yarda, da an koma gaɓa za ta shuka.

“Wace gaɓa, ɗana? Ruwan da muke sha ma a jarka ake raba shi.”

Ta kira jikarta, ta ce a kawo turmi. Matar jikanta ta haihu kwana kaɗan da suka wuce, ba ta iya cin komai, ga nono ya ƙi zuwa. Ina zaune aka juye ludayin duka aka daka. Na buɗe baki in roƙi ƙwaya biyu, na tuna ba nawa ba ne, na fasa. Ƙaurin ya cika bukkar, muka yi ta atishawa, tsohuwar na dariya, maijego ta sha romonta har ta nemi ƙari.

Yau wasu sun koma gonaki, suna noma da fargaba, da irin da ake sayowa a leda. Ƴaƴana ba su san ƙamshin wancan ba, ni kuma na bi kasuwa rumfa-rumfa ban sake jin sa ba. Kakata dai ta sauke nauyinta, alhamdu lillahi. Ludayin na dawo da shi, yana rataye a madafarmu.