Yaron Sabuwa da Ba Ya Gudu

Har gobe ba zan manta da ranar da kyaftin ɗinmu ya riƙe ƙugu a tsakiyar fili, ya bi ƙwallo da ido har ta fita waje ba. Kun ce in ba ku labarin abin da ya fi wahalar da ni a aikin nan. To shi ne wannan, ko in ce yana cikin waɗanda suka fi, don kada in yi ƙari.

A lokacin ban daɗe da kama aiki ba, ina ƙaramin jami'in wasanni a mataki na takwas, wato inda ake ajiye wanda ya zo da digiri. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, in za a yi gasar matasa a Katsina, akan haɗa ƙananan hukumomi maƙwabta su fitar da ƙungiya ɗaya. Mu aka haɗa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Jami'i ne ke zagayawa ya zaɓo yara, ya tara su a sansani, ya horar da su, amma kwamitin dattawa ke da ta cewa a kan wanda zai shiga mota. Shekarar ba mu da koci, saboda haka ni ne koci, ni ne mai neman ruwan sha, ni ne mai rabon faɗa.

A Sabuwa na samo Sadisu. Na je da safe a kan babur, don hanyar ba a bin ta bayan la'asar. A wani fili bayan makarantar firamare na ga yaro siriri a tsakiya, yana tafiya kamar wanda aka aika sayen gishiri. Amma duk ƙwallon da ta taɓa ƙafarsa, sai ta faɗi daidai inda babu kowa, inda ɗan'uwansa zai iske ta in ya ruga. Mahaifinsa, Malam Hashimu, bai so ba, don lokacin cire masara ne.

"Malam Nazifi, ga gona nan tana jiran hannu," ya ce. "In kun tafi da shi, ku tafi da shi. Amma in kuka maido mani shi kuka ce bai iya ba, to ya gama ƙwallo. Ni da ku babu sauran magana."

Na ce masa in Allah ya yarda ba za a maido shi ba. Na so in ƙara da cewa ba ni ke yanke hukunci ba, amma ya riga ya juya.

A Faskari muka yi sansani. Kyaftin ɗinmu Lawal ne, mutumin Ƙanƙara, bakaniken babur, ɗan gaba mai ƙarfi. Ya girmi Sadisu nesa ba kusa ba. Yadda aka yi yake cikin matasa kuwa, ban binciki abin da ba a sa ni ba.

Ranar da nake ba ku labari, muna atisaye Sadisu ya karɓi ƙwallo, ya nuna gefen raga da yatsa, ya ce, "Lawal, can!" Ya aika ta, fasin da ko a talabijin sai an maimaita shi. Lawal bai motsa ba. Na busa usur na tambaye shi ko ƙafa ce.

"Ƙafata lafiya lau, Malam," ya ce. "Yaron ga aikena yake. Yana tsaye, ya nuna ni da yatsa, ya kira sunana gatsal, wai in ruga. Ƙanena na uku ya girme shi. A gidanku ƙarami ke aiken babba?"

Na ce ai tsarin wasa ne. Ya ce shi bai ga tsari ba, raini ya gani. Sauran manyan suka bi bayansa. Daga ranar, in Sadisu ya ba da ƙwallo sai kowa ya kama gyaran safa.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Alhaji Isiyaku, shugaban kwamitinmu, ɗan kasuwar hatsi ne, ya biyo daga kasuwar 'Yankara ya tsaya kallo. Da aka tashi ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana shafa bayan rigunansu. Haka yake gane mai ƙoƙari, kuma a gona ban ce dabarar ba ta aiki ba. Ya zo kan Sadisu ya ji riga a bushe.

"Wannan kallo ya zo yi?" ya ce. "Malam, ranar Juma'a za ku kara da 'yan gari. In na sake ganin shi yana yawo, a sa shi a babur a kai wa ubanshi."

Na rasa yadda zan yi, sai na koma ga abin da na iya, wato bayani. Washegari na tara su a ƙarƙashin darbejiya, na ce zan ba su tarihin wani ɗan wasan tsakiya na ƙasar Italiya, wanda dukansu sun sha ganinsa a gidan kallo. Na ce a wata ƙaramar ƙungiya ta yankinsu ya fara, yana wasa a bayan 'yan gaba. Wata babbar ƙungiya ta saye shi, ya yi ta ɗumama benci, aka riƙa ba da shi aro. A wajen aron ne, in ban yi kuskure ba, wani koci ya janye shi baya, ya ajiye shi a gaban 'yan baya, ya ce ya tsaya nan ya riƙa raba ƙwallo. Daga nan ya koma wata babbar ƙungiyar ya ci kofunan Turai, ya kuma ci kofin duniya da ƙasarsa. Da suka ga kamar ya tsufa suka sake shi, abokan hamayyarsu suka ɗauka, ya yi ta cin kofin ƙasar da su. Duk wannan, na ce, ba da gudu ya yi shi ba. Akwai wani gajere mai zafin nama a gefensa, a ƙungiya da kuma tawagar ƙasa, shi ke gudu ya ƙwato ya miƙa masa.

Na ɗauka na gama da su. Lawal ya ɗaga hannu.

"Malam, shi mai yi mashi gudun, wa ya girmi wani?"

Ina jin mai gudun ne babba. Kusan na tabbata. Amma kusan ba tabbas ba ne, kuma ba na son in faɗa wa yara abin da zan zo ina janyewa. Sai na ce wataƙila shi ne, amma a ba ni lokaci in duba.

"Kun ji ko?" Lawal ya ce wa sauran. "Malam ma bai sani ba."

Sabis ba ya kamawa a sansanin, sai da na hau babur na fita bakin titi, na tsaya a rana ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na duba wuri biyu don kada wuri ɗaya ya yaudare ni. Gaskiyata ce, mai gudun ne babba, da abin da bai kai shekara biyu ba. Na dawo da murna na faɗa masa.

"Haba Malam, wannan ai sa'anni ne," ya ce. "Tare aka yi masu kaciya."

A kan wannan kam ban da masaniya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi shekaru ina karanta ilimin motsa jiki, babu malamin da ya taɓa ce mini zan tsaya a Faskari ina lissafin wa ya riga wa haihuwa a Italiya. Ga Juma'a ta matso, ga fuskar Malam Hashimu tana yi mini gizo.

Ranar Alhamis da rana aka kawo shinkafa da wake. Kamar kullum, Sadisu ne ke kai wa manya, tunda shi ne ƙarami. Ya durƙusa ya ajiye kwano a gaban Lawal, ya ce, "Yaya, bismillah." Lawal ya miƙa hannu ya jawo kwanon. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Lawal! Yanzu aiken ka ya yi ko kawo maka ya yi?"

"Kawo mani ya yi."

"To a fili ma kawo maka yake yi! Shi ke dafawa, shi ke ɗaukowa, ya ajiye maka a bakin raga. Kai ake yi wa tafi, kai 'yan mata ke kira. Gudun nan miƙa hannu ne kawai. Ko so kake ya ba ka a baki?"

Yara suka fashe da dariya. Ni kaina na tsorata da muryata, don ban sa wataƙila ko ɗaya a ciki ba. Lawal ya tauna lomarsa a hankali.

"In haka ne, ya daina nuna ni da yatsa," ya ce. "Kuma ya faɗi abin da ake faɗi in an kawo wa babba abu."

Na so in ce hakan zai tona mana asiri a gaban 'yan bayan abokan karawa. Na dubi Sadisu, na amince.

Ranar Juma'a bayan la'asar fili ya cika, Alhaji Isiyaku na kan kujera a gaba. Sadisu na tafiyarsa ta sayen gishiri. Can ya karɓi ƙwallo, ya ɗaga murya, "Yaya, bismillah!" Lawal ya fita kamar an sako shi daga turke, amma ya buga sama. Kafin hutun rabin lokaci abin da na ji tsoro ya faru. 'Yan gari sun gane, da sun ji bismillah sai su rufe Lawal su uku suna cewa, "Mu ma a ci da mu!" 'Yan kallo har da masu riƙe ciki don dariya.

Da aka dawo, Sadisu ya sake kiran Yaya, su ukun suka yi kan Lawal, Sadisu kuwa ya riƙe ƙwallon ya ɗan jira har suka wuce da ƙarfinsu, sannan ya ɗaga ta ta bayansu. Lawal ya juya ya iske ta ita kaɗai, ya zura.

Bai yi tsalle ba. Ya tsaya a bakin raga ya riƙe ƙugu, yana jira. Sadisu ya gane abin da ake jira. Ya kwasa da gudu tun daga tsakiyar fili, ya je ya rusuna ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Lawal ya dafa kansa.

Alhaji ya juyo ya dube ni. "Ashe yana gudu! Malam, me ya sa ba ka faɗa mani ba? A sa shi a mota."

Ban yi masa bayani ba. A karon farko a aikin nan na bar magana ta wuce ba gyara.

A Katsina ba mu yi nisa ba, kada ku ɗauka kofi muka ɗauko. Amma Sadisu ya koma Sabuwa a matsayin wanda ya je, ba wanda aka maido ba, kuma Malam Hashimu bai hana shi ƙwallo ba.

Ku da za a tura ƙauyuka zaɓen yara, ku karanta tarihin 'yan wasan Turai, yana da amfani, ban ce ba shi da shi ba. Amma kafin ku tsara wa zai tsaya wa zai ruga, ku zauna ku ga yadda suke cin abinci, ku san wa ke kai wa wa kwano. Yaranmu ba sa ajiye girma a bakin fili, da shi suke shiga. Wannan kam ba sai na je bakin titi na duba ba.